Sunan da Ma'u Ta Kira

Maraicen da abin ya fara bai bambanta da sauran maraice ba a gidan Munkaila direba, can bayan tashar Birnin Konni. Rana ta yi ja ta sauka bayan katanga, kaji sun hau makwancinsu, hayaƙin murhu yana tashi a miƙe saboda babu iska. Ma'u, matar gidan, tana tuƙa tuwon dawa. 'Yarta Raihanatu tana ƙarƙashin rumfa a kan keken ɗinki, tana sauri ta gama wata hula mai dogayen kunnuwa kafin haske ya ƙare. Maigidan ba ya nan, ya ɗauki siminti daga Malbaza ya yi arewa, kuma irin tafiyarsa takan ci mako biyu, wani lokaci uku.

Sai keken ya tsaya. Ba irin tsayawar da yakan yi in zare ya tsinke ba, domin wannan da tsaki take zuwa, Raihanatu kuwa ba ta rowar tsaki. Ma'u ta ɗaga kai ta ga yarinyar ta sauke ƙafafunta a hankali, ta miƙe, ta nufi ɗakin da suke ajiye kayan ɗinki, tana ɗan karkata kafaɗar hagu, tafiyar da ba tata ba. A daidai nan wani dutse ya faɗo a kan kwanon rumfar, ya gangaro ya dira kusa da turmi. Na biyu ya biyo shi. Babu motsin kowa a bayan katanga.

"Raihanatu, lahiya?"

Ba ta waiwayo ba. Ta shige ɗakin, aka ɗan jima ana jin motsin tufafi, sannan murya ta fito daga cikin duhun, a sanyaye.

"Inna, ga ni. Ke kinka kira ni."

Muciya ta kuɓuce daga hannun Ma'u ta faɗa cikin toka. Ta san muryar nan fiye da yadda ta san tata. Muryar babbar 'yarta ce, Ummul-Khairi, wadda aka binne wata huɗu da suka wuce.

Ummul-Khairi 'yar fari ce, kuma duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san abin da ke tsakanin uwa da ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa a gaban mutane, ba ta nuna ya dame ta. 'Yan zamani sun fara sassautawa, amma Ma'u 'yar Tsarnawa ce, ta tashi a hannun tsofaffin da ba su wasa da alkunya, ita kuma ta ɗauki abin ta ƙara masa gishiri. Shekara ashirin da biyu bakinta bai taɓa furta sunan nan ba. In yarinyar tana kusa, "ke" ce. In tana nesa, "waccan". Mata suna yabon Ma'u a gidan biki, suna cewa ita ce sauran mutanen da, ita kuwa tana jin daɗin yabon, ba za a ɓoye ba.

Sana'ar da 'yan matan suka ɗauko ta samo asali ne daga wayar da ubansu ya sayo musu. Suka duƙufa kallon 'yan katun, masu manyan idanu da gashi kala-kala, har Ummul-Khairi, wadda ke koyar da ƙananan yara a wata lakwal, ta ce bikin ƙarshen shekara sai ta mai da 'yan ajinta irin waɗannan halittu. Raihanatu ce mai hannu, Ummul-Khairi ce mai ido. Ubansu yana kawo musu takardun buhun siminti, a nan suke zana fasali su yanka. Soson tsohuwar katifa ya zama kunnuwa da jela, labulen gwanjo ya zama alkyabbar jarumi, kwali da fenti suka zama takobi da garkuwa. Maƙwabta suka ce gidan Munkaila ya koma gidan dodanni, amma su ne dai suka fara turo 'ya'yansu a auna. Ma'u kullum cewa take aikin banza ne, ɓarnar zare. Da sun shiga ɗaki suna gwaji kuwa, za ka same ta a gindin taga tana shara wurin da ta riga ta share.

Kayan da suka fi ba wa ƙarfi su ne na wata jaruma mai doguwar riga shuɗiya da fukafukai farare, wadda Ma'u, da ba ta iya sunanta ba, take kira Mai Fiffike. Wannan Ummul-Khairi ta ce ita za ta saka da kanta. Raihanatu ta kwantar da yayarta a kan takardar siminti ta zagaye ta da gawayi, don haka rigar ta fita daidai jikinta, har da karkacewar kafaɗa. Fukafukan na waya ne, aka jera musu gashin da aka yanka ɗaya bayan ɗaya daga farin buhu, ana babbake gefen kowanne da kyandir don kada ya zare. Fuskar kuwa a kan fuskar Ummul-Khairi aka gina ta. Aka shafe ta da mai, aka yi ta manna takarda da ruwan sitaci, tana numfashi ta cikin tsinken roba tana ƙoƙarin danne dariya, Raihanatu tana zaginta wai za ta ɓata aiki.

Ba ta saka ba. Sanƙarau ya shigo da bazara, kwana uku ya yi a jikinta. A asibiti ta buɗe ido ta ce "Inna", Ma'u kuwa tana tsaye a bakin ƙofa saboda surukanta sun cika ɗakin, ta amsa daga can ta ce, "Mi kike so?" Yarinyar ba ta ƙara magana ba. Ranar zaman makoki Ma'u ba ta zubar da hawaye ko ɗaya ba, mata suka sake yaba mata, yabon ya yi mata ɗaci har maƙogwaro. Da aka zo wanke tufafin mamaciya don a bayar sadaka, ta faki ido ta zare zane biyu da ɗankwali waɗanda ruwa bai taɓa ba, ta tura su ƙasan akwatinta.

Bayan sadakar arba'in Raihanatu ta koma kan Mai Fiffike ta gama ta, tana ɗinki tana kuka, domin alkawari ne tsakaninta da yayarta. Ta kafa sanda a ɗakin kaya, ta gicciya wata, ta rataya rigar, ta cusa mata takardun siminti don kada ta lotsa, ta ɗora fuskar a sama.

Kwana uku kafin maraicen da dutse ya faɗo, Raihanatu ta tafi kasuwa neman zare ta yi yamma. Ma'u ta shiga ɗakin ɗauko tsintsiya ana dab da kiran magariba, sai ta yi kiciɓis da 'yarta a tsaye. Tsawon nata ne, kafaɗar tata ce, goshin da haɓar nata ne. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta je ta buɗe akwati, ta dawo ta zaro takardun daga ƙirjin rigar, ta cusa zannuwan nan a madadinsu. Ƙamshin jikin yarinyar ya cika mata hanci. Ba ta yi bisimilla ba, ba ta tuna da lokaci ba. Ta rungume rigar, ta buɗe baki ta kira sunan da ta hana kanta shekara ashirin da biyu. Sau uku ta kira, cikakke, ba ta rage ko harafi ba. Babu wanda ya amsa, ta share ido ta fita da tsintsiyarta.

To, yau ga amsa ta zo. Ma'u ta bar tuwo yana ƙonewa ta taka zuwa ɗakin. Raihanatu tana zaune a ƙasa sanye da shuɗiyar rigar, wadda ta yi mata tsawo, fuskar takarda ta rufe tata, fukafukan sun jingina da bango. Ma'u ba yarinya ba ce, ba kuma jahila ba ce. Ta san wanda ya shiga kabari ba ya dawowa, ta san irin abin da ke aron murya da magariba, ta kuma san addu'ar da ake yi. Ta buɗe baki don ta nemi tsari, amma abin da ya fito daban ne.

"Kin ci abinci?"

"Ban ci ba, Inna."

Ta dama fura ta kawo. Ta ɗaga gefen fuskar kaɗan, tana ba ta da ludayi, tana kiran sunan a kowace kurɓa. Da aka kira isha'i jikin ya saki, kai ya langaɓe. Ma'u ta tuɓe rigar ta mayar kan sanda, ta ja Raihanatu zuwa shimfiɗa. Da safe yarinyar ta ce jikinta kamar an yi mata duka, kuma ba ta san yadda aka yi ta bar keke ba.

"Gajiya ta," in ji Ma'u. "Kin cika zama wuri guda."

Haka aka shiga yi kowace magariba. Duk abin da Ma'u ta tara a ciki ta fito da shi. Ta ba da labarin ranar haihuwa, yadda aka ɗauke jaririyar aka miƙa wa kaka ita kuwa ta juya fuska bango tana satar kallo. Ta faɗi yadda take leƙen taga. Ta nemi gafarar tsayuwar bakin ƙofar asibiti, muryar ta ce ta yafe, ita kuma ta sake nema washegari don ta sake ji. In wani ya doshi ƙofar gidan a wannan lokaci, duwatsu ne ke tarbarsa, suna sauka a gabansa ba su taɓa shi ba, har ya juya. Maƙwabta suka daina aiko yara neman garwashi. Wata tsohuwa ta tare Ma'u a bakin famfo ta ce a nemi taimako, Ma'u ta ce masu jifan 'yan unguwa ne marasa tarbiyya.

Raihanatu kuwa tana ƙarewa a gaban idonta. Wuyanta ya fito, idanunta suka faɗa. Yarinyar da ke zura zare a allura ba tare da ta duba ba, ta koma tana yi sau goma kafin ya shiga. Masu kawo aiki suka fara komawa da ƙyallayensu. Baƙuwar da ke zuwa da magariba ta fara zuwa tun la'asar sakaliya, tana kuma jinkirin tafiya. Wata safiya Ma'u ta ce, "Raihanatu, miƙo mini ƙwarya," yarinyar ta yi ta kallonta, kamar ana kiran wani a gidan maƙwabta. Ma'u ta gane sarai cewa kowane maraice da take samu da wadda ta mutu, daga jikin mai rai ake yanko shi. Ta yi wa kanta alkawari yau ne na ƙarshe. Ta yi wannan alkawari sau goma sha ɗaya.

Munkaila ya dawo a kwana na goma sha tara, rana tana faɗuwa. Duwatsu suka tarbe shi a ƙofar gidansa, shi kuwa mutumin da ya saba kwana a dajin Allah da mota ba dutse ne zai hana shi shiga gidansa ba. Ya ratsa ya shiga. A tsakar gida ya ji dariyar 'yarsa da ya saka a kabari da hannunsa. Jakarsa ta zame daga kafaɗa. Ya leƙa ɗakin ya ga matarsa zaune, kan Mai Fiffike a cinyarta, tana shafa shi. Ya dubi hannun da ya leƙo daga cikin rigar, siriri kamar kara, ya gane hannun Raihanatu ne.

"Ma'u, tun yaushe?"

Ba ta iya ɗaga kai ba. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mata sauƙi. Ya fita ya zauna a kan turmi ya rufe fuska da hula, kafaɗunsa suna motsi. Da asuba ya hau kabu-kabu ya nufi Tsarnawa.

Malam Alkasum da ya zo da shi ɗan tsoho ne manomin wake, gajere, da tabarau da aka ɗaure ƙafarsa da zare. Bai zo da gayya ba, bai zo da jaka ba, carbi ne kawai a hannunsa. Ya nemi a nuna masa ɗakin. Ya tsaya gaban rigar ya daɗe, ya juya gefen ɗinkin, ya taɓa gashin fukafukan ɗaya bayan ɗaya.

"Hannun yarinyar ga na da kyau," in ji shi. "Ba laihin ɗinki ba na."

Ya sa hannu a ƙirjin rigar ya zaro bakin zane, ya duba, ya mayar. Bai dubi Ma'u ba, ita kuwa ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ya ce a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a kawo ruwa a ƙwarya, a zaunar da Raihanatu. Bayan la'asar ya fara karatu, a hankali, ba ɗaga murya. Inuwar katanga ta yi ta tsawo har ta rufe su. Kaji suka yi tsit. Sai kafaɗar yarinyar ta karkata, ta yunƙura za ta nufi ɗakin kaya, ubanta ya riƙe ta. Duwatsu suka zubo a kan kwano kamar ƙanƙara, sannan suka ɗauke gaba ɗaya.

"Inna, ki ce su sake ni. Zahi nike ji."

Ma'u ta zabura, Malam ya ɗaga mata hannu. Ya tsoma yatsu a ruwa ya yayyafa, ya ce, "Aje muryar da ba taki ba, ki yi magana da taki. Wace ce ke?"

Muryar da ta fito bayan nan ta tsohuwa ce tukuf, a dushe, ba ta da fushi ko kaɗan.

"Ni maƙwabciya ta. Ina nan tun wurin ga yana gonar gero. Da anka gina gida na matsa bayan madafa, inda suka zubda guntayen ƙyalle. Ban taɓa cutar kowa ba."

"To mi ya kai ki jikin ɗiyar mutane?"

"Ɗiyan ga biyu a gabana sunka girma. Kullum ina jin dariyarsu bisa keke. Da guda ta tahi, gida ya mutu, ni ma na ji, babu wanda ya yi mini gaisuwa. Rannan ina wucewa na ga jiki tsaye, da huska, da ƙamshin mai shi, babu kowa ciki, ba a ambaci Allah bisa gare shi ba. Na ji uwa tana kira. Sau ukku ta kira, Malam. Shekara ashirin da biyu yarinyar na jiran kiran ga, ranar da ya zo ba ta nan. Tausai ya kama ni, na amsa. Riga ba ta da halshe, shi ya sa na ari na ƙanwar."

Munkaila ya sunkuyar da kai. Ma'u ta toshe bakinta da gefen mayafi.

"Aro kika ce," in ji Malam. "Kin san in kin ƙara wata guda, mai halshen ba ta dawowa?"

"Na sani. Ba da nuhi ba na. Mu in mun zauna wuri, wurin yakan zama namu."

"To za ki hita yau."

Nan ta fara ciniki. Ta ce a bar mata magariba kawai, ta daina zuwa da la'asar. Malam ya ce a'a. Ta ce to daren Juma'a kaɗai. Ya ce a'a. Ta ce sau ɗaya a shekara, ranar da yarinyar ta rasu. Ya ci gaba da karatu, jikin Raihanatu yana murɗewa, zufa tana karyo mata, amma abin bai fita ba. Can tsohuwar muryar ta ce, "Kana wahal da yarinya a banza. Ba kai ka kira ni ba, ba kai ka sallamata. Wadda ta kira ta ce in tahi, in tahi."

Malam ya tsaya. Ya cire tabarau ya goge, sannan a karo na farko ya dubi Ma'u sosai.

"Ta hwaɗi gaskiya. Ina iya matsa mata har ta hita dole, amma muddin zuciyarki na kira, tana dawowa, jikin ga kuwa ba shi ɗaukar haka sau biyu. Ke kinka buɗe, baiwar Allah. Ke za ki ruhe."

Kan Raihanatu ya juyo a hankali. Muryar da ta fito ba ta tsohuwa ba ce kuma.

"Inna, in kin kore ni ba ki ƙara jina har abada. Kwana goma sha tara kaɗai kinka kira ni. Sun ishe ki?"

A daidai nan ladanin masallacin unguwa ya ɗaga murya. Ma'u tana durƙushe, bakinta a buɗe, magana ta ƙi fita. Tana kallon wuyan Raihanatu da ya rame, tana jin muryar Ummul-Khairi tana yi mata amo a kunne, kuma kowace a cikinsu ita ta haife ta. Ba su ishe ta ba, wannan ita ce gaskiya, kwana dubu ma ba zai ishe ta ba. Munkaila ya kira ta a hankali, ba ta ji ba. Ladan ya yi shahada, ya kira zuwa salla, ya kira zuwa tsira, ya yi kabbara ya rufe, Ma'u ba ta ce komai ba. Sai da amon lasifikar ya mutu gaba ɗaya sannan ta yi magana.

"Ɗiyata tana maƙabarta, Allah shi jiƙan ta. Ke ba ita ba ta. Na gode da kinka amsa. Ki tahi, ki bar mini wagga."

Da ta faɗi haka kukan da ta riƙe tun ranar asibiti ya ɓalle, ta kife a kan tabarma, babu wanda ya hana ta.

Tsohuwar muryar ta dawo, ta yi ƙasa sosai. Ta ce za ta tafi, za ta bar unguwar ma baki ɗaya ta koma cikin duwatsun gabas, amma tana roƙon abu guda. Kada a ƙone rigar. A gabanta aka yi kowane ɗinki, ba za ta so ta ga wuta ta ci ba. A warware ta da hannu, zare bayan zare, zannuwan kuma a wanke a ba mabuƙata kamar yadda ya kamata tun farko. Malam ya ce wannan an karɓa, ya sa ta rantse ba za ta dawo ba, ta rantse. Raihanatu ta yi atishawa sau uku, ta sulale a jikin ubanta. Malam ya tashi ya yi alwala da ruwan buta, ya ce a ba yarinya kunu in ta farka.

Kwana biyar Raihanatu ta yi ba ta iya tashi. Ma'u ta wanke zannuwan da hannunta, ta shanya, ta tsaya har suka bushe, ta shinshina ba ta ji komai ba sai sabulu. Munkaila ya jiƙa fuskar takardar a cikin ruwa har ta narke. A rana ta shida da hantsi Raihanatu ta fito ta zauna a ƙarƙashin rumfa, ta ce a kawo rigar, ita ta ɗinka, ita ta san inda zare ya bi. Suka shimfiɗa ta a tsakaninsu, uwa ta riƙe gefe, 'ya tana bi da reza. Sun cire hannu ɗaya, sun kama na biyu, sannan yarinyar ta yi magana ba ta ɗago ba.

"Inna, da nike ce miki ban tuna komi, ba gaskiya ba ta. Ina ciki, ina ji, magana ta ban iyawa."

Hannun Ma'u ya tsaya a kan ƙyallen.

"Na ji hirarku duka. Na ga kina jin daɗi, rabon da in ga haka tun Yaya na da rai, shi ya sa in gari ya waye nike yin shiru. Na ce ko za ki duba ki gan ni da kanki."

Reza ta ci gaba da bin ɗinkin, zare yana tsinkewa ɗaya bayan ɗaya.

"Ranar da Malam ya ce ki ruhe ma ina ji. Ban yi hushi ba, wallahi. Na gode da kinka zaɓe ni." Ta ɗago ta dubi uwarta, idanunta a bushe. "Amma kin daɗe, Inna."